Amsa Ga Aminu Kan Al'adar Yanke Raga a Ƙwallon Kwando

Assalamu alaikum Aminu, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan karatunka, saƙonka ya iso ni. Ka ce ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'arku a can Amurka, wadda kake yi wa hidimar ruwa da tawul da shirya kayan atisaye, ta kai wasan ƙarshe na gasar yankinku, kuma an sanar da kai cewa idan Allah ya ba ku nasara za a kafa tsani a ƙarƙashin kwando, kowa ya hau ya yanki zare ɗaya daga jikin raga, har da kai. Kana tambayar asalin wannan al'ada, ko ba ɓarnar dukiya ba ce, kuma ko ya dace yaro mai tarbiyya ya shiga cikinta, musamman da ka ji cewa akwai kocin da ke sa 'yan wasansa su gwada yankan tun ba su ci komai ba.

Al'adar ta shiga wasannin jami'o'i ne ta hannun wani koci mai suna Everett Case. Mutumin jihar Indiyana ne, inda ya horar da yaran makarantar sakandare ta Frankfort har suka ɗauki kofin jihar sau huɗu, kuma a can ya saba ganin zakarun makarantu suna yanke raga. A 1946 ya karɓi aikin horar da ƙungiyar Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, wadda ake kira NC State, a birnin Raleigh, kuma da suka lashe gasar yankinsu a 1947 sai ya so ya ajiye abin tunawa. Babu tsani a wurin, saboda haka 'yan wasansa suka ɗaga shi a kafaɗunsu ya yanke ragar. Abin da ya fi taɓa ni a tarihin wannan mutum ya faru ne a 1965, bayan ciwon daji ya tilasta masa ajiye aiki: ƙungiyar ta doke Jami'ar Duke a wasan ƙarshe na gasar jami'o'in yankinsu da ake kira ACC a ƙarƙashin wani kocin, amma yaran suka je suka ɗauko tsohon malaminsu daga inda yake zaune a keken marasa lafiya, suka ɗaga shi ya yanke zaren ƙarshe. Shekara guda bayan haka ya rasu. Duk wanda ya taso a gidan da ake girmama na gaba ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da yaran nan suka yi.

Kocin da ka ji labarinsa kuwa Jim Valvano ne, shi ma na NC State, kuma ba za ka fahimci gwajin yankan ragarsa ba sai ka san kakar wasan 1982 zuwa 1983. A lokacin ina karatu a ƙasar, kuma a talabijin na kalli wasan ƙarshe tare da wasu ɗaliban Najeriya. Valvano yana keɓe atisaye guda a kowace shekara wanda ba a taɓa ƙwallo a cikinsa, sai dai a kawo almakashi, 'yan wasa su yanke raga su ɗaga kocinsu kamar sun ɗauki kofin ƙasa. A watan Janairu na 1983 wannan gwaji ya yi kama da mafarkin da ba shi da tushe, domin Dereck Whittenburg, gwaninsu na jifa daga nesa, ya karye a ƙafa a wasansu da Virginia, ya yi wasanni 14 bai buga ba. Sun kammala wasannin kaka da nasara 17 da rashin nasara 10, wanda ke nufin cewa hanyar da ta tabbata gare su ta shiga gasar ƙasa ita ce su lashe gasar ACC a birnin Atlanta.

Suka doke Wake Forest da maki ɗaya tak, 71 da 70. Suka doke maƙwabtansu na Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Chapel Hill, masu riƙe da kofin ƙasa kuma masu Michael Jordan, bayan ƙarin lokaci, sannan suka kayar da Virginia mai dogon ɗan wasa Ralph Sampson da 81 da 78. A gasar ƙasa, wadda a shekarar ta ƙunshi ƙungiyoyi 52, sai da aka yi ƙarin lokaci sau biyu kafin su tsallake Pepperdine, suka sha da kyar a hannun Jami'ar Nevada ta Las Vegas (UNLV) da maki ɗaya, suka sake haɗuwa da Virginia suka ci 63 da 62, sannan suka fitar da Georgia a wasan kusa da na ƙarshe. A yawancin waɗannan wasanni ana gabansu har zuwa mintunan ƙarshe. Dabarar Valvano ita ce ya sa yaransa su yi wa abokin hamayya ƙeta da gangan, su tura shi layin jifan hukunci, domin a dokar lokacin wanda ya ɓarar da jifan farko ba ya samun na biyu, ga shi kuma babu agogon da ke tilasta wa mai riƙe da ƙwallo ya jefa, don haka wanda ke baya ba shi da wata hanyar ƙwato ta cikin sauri.

Wasan ƙarshe aka yi shi ranar 4 ga Afrilu 1983 a birnin Albuquerque, da Jami'ar Houston, wadda ta zo da nasara 26 a jere kuma ita ce ta ɗaya a ƙasar. A nan labarin ya shafe mu, domin ginshiƙin Houston shi ne Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, wanda a lokacin ake rubuta sunansa Akeem, tare da Clyde Drexler. Mu dai zuciyarmu tana tare da ɗan ƙasarmu. NC State ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da 33 da 25, bayan an riƙe Drexler da laifi huɗu, amma da aka dawo Houston ta zuba maki 17 a kan 2 ta karɓe ragamar wasan. Sai kocinsu Guy Lewis ya umarce su da su rage gudu su riƙa jan lokaci. An daɗe ana zarginsa a kan wannan shawara, amma a ganina ba a yi masa cikakken adalci ba, domin garin yana kan tudu ne mai tsayin kimanin mita 1,600, iska ba ta wadatar da huhu, har Olajuwon kansa sai da aka riƙa ba shi iskar shaƙa a benci. Duk da haka jan lokacin shi ya bai wa Valvano damar da yake nema. Yaransa suka rama har aka yi kunnen doki 52 da 52, ɗan wasan Houston ya ɓarar da jifan hukunci, kuma a daƙiƙun ƙarshe Whittenburg ya wurga ƙwallo daga nisan kusan mita 9, ba ta kai ba, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya zura ta cikin kwando. Aka tashi 54 da 52, Valvano yana gudu a fili yana neman wanda zai runguma. A daren nan suka yanke ragar da suka daɗe suna gwada yankanta.

Olajuwon ya ci maki 20 ya kuma cafe ƙwallo 18 da suka dawo daga kwando, kuma shi aka zaɓa gwarzon gasar duk da cewa ƙungiyarsa ce ta faɗi. Ya sake kaiwa wasan ƙarshe a 1984 Georgetown ta doke su, bai taɓa ɗaukar kofin jami'o'i ba, sai a 1994 da 1995 ya ɗauki na ƙwararru sau biyu a jere da Houston Rockets. Na kawo maka wannan ne domin ka tuna, ranar da za ka hau tsani, cewa a ɗaya gefen filin akwai yaran da suka sha wahala kamar naku, wataƙila ma sun fi naku iyawa.

Game da ɓarna, ban ga ɓarna a nan ba. Raga zare ce mai araha wadda dama ake sauyawa, masu shirya gasar su ne ke kawo tsani da almakashi da hannunsu, kuma abin da mai dukiya ya bayar da yardarsa ba a kiransa ta'adi. Ɓarna ita ce abin da wasu 'yan kallo kan yi bayan wasa, na kunna wuta a titi da fasa kayan mutane, kuma ina gargaɗinka da ka nisanci wannan ko da abokanka sun ja ka. Abin da ya sa nake ganin kyan al'adar shi ne tsarinta: 'yan wasa suna hawa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ci maki talatin da wanda bai tashi daga benci ba kowa zare ɗaya, mataimakan koci da masu hidima irinka su ma su karɓi nasu, sannan a bar wa babban koci zaren ƙarshe. Kamar rabon naman suna ne a gidanmu, inda ba a manta da wanda ya riƙe ƙafar rago ko wanda ya ɗebo ruwa. Da suka kira ka, sun shaida ne cewa kana cikin waɗanda suka yi aikin, kuma ƙin amsa irin wannan kira ba kunya ba ce, yana iya zama raini ga mutanen da suka mutunta ka.

Gwajin yanka kafin nasara shi ne wurin da na fahimci damuwarka, domin an koya maka kada ka ce za ka yi abu gobe ba tare da ka ce in Allah ya so ba. Bambancin yana cikin zuciya. Valvano bai yi iƙirarin sanin gaibu ba, yana so ne yaran da kowa ya raina su saba da tunanin cewa su ma za su iya, kuma tsakanin gwajin da ranar nasara akwai watanni na gudu da gumi da karaya. Idan kocinku ya yi irin wannan, ka shiga, ka ce insha Allah a ranka, kada ka ɗauka cewa almakashin ne ke jawo nasara. Haka kuma zaren da za ka yanko abin tunawa ne kawai. Abokanka za su ɗaura nasu a hula a daren, babu laifi ka yi haka, amma kada ka mayar da shi laya da za ka riƙa ɗauka zuwa ɗakin jarrabawa. Kuma kada labarin 1983 ya sa ka ɗauki Valvano a matsayin wanda ba shi da aibi, domin a 1990 ya bar aikin bayan binciken da aka yi kan yadda ake tafiyar da ƙungiyar da kuma karatun 'yan wasanta, kafin ciwon daji ya yi ajalinsa a 1993. Kai karatu ya kai ka ƙasar, hidimar ƙungiya ƙari ce.

Saboda haka idan an tashi wasa kuma ku ne da nasara, ka fara bin layin gaisawa da waɗanda aka doke ba tare da ihu a fuskarsu ba, ka jira sai an kira ka, kada ka sha gaban ɗan wasa ko mataimakin koci, ka yanki zare ɗaya gajere ka sauko ka miƙa almakashi ga na bayanka da hannun dama. Idan kuwa ɗaya ɓangaren ne ya ci, ka tattara kayanka kamar kullum, ka tsaya kusa da yaranku, musamman 'yan shekarar ƙarshe waɗanda ba za su sake sa rigar jami'ar ba. Ka aiko wa mahaifiyarka hoto ko yaya aka tashi, domin ta tambaye ni ranar wasan har ta sa ƙannenka sun rubuta mata ita. Innarka da 'yan'uwanka duk suna gaishe ka. Allah ya ba ku sa'a, ya yi maka albarka.

Kawunka.