Jidda zuwa Madina: me ya sa waya ke ba ni nisa daban-daban?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Zan kai mahaifiyata ziyara Madina daga Jidda. Google Maps ya nuna mini kilomita 400 da ɗoriya, wata manhajar jirage ta ce 175, tikiti kuma ya ce awa ɗaya da 'yan mintuna. Wanne zan kama? Daga wani mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya karɓi ziyara. Babu wanda ya yi maka ƙarya, kowa da mudun da ya auna.

Abin da Google Maps ya ba ka nisan titin mota ne, da duk kwane-kwanensa. Jirgi kuwa kusan miƙewa yake yi: daga filin Sarki Abdul'aziz na Jidda zuwa filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina kimanin kilomita 325 ne. Kana iya aunawa da kanka. Ka danna kan filin jirgin Jidda ka riƙe har jan alama ta fito, ka jawo bayanin wurin sama, ka taɓa Measure distance, sai ka ja taswirar har ɗigon ya hau filin Madina. Adadin zai fito a ƙasan allo.

Shi kuma 175 ɗin mil ne na matuƙa jirgi (nautical mile), wanda kowane ɗaya yake daidai da kilomita 1.852. In ka ga NM a gefen lamba, shi ne. Ka ninka, za ka dawo kusa da 325 ɗin nan.

Lokaci ne ya fi rikita mutane. Wanda ke kan tikiti yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya bar mazauninsa har ya tsaya cak a Madina, wato har da gangarawa titin tashi da jiran layi. Zaman sama kansa bai cika kai awa ɗaya ba. Ka sa lambar jirginka a manhajar bibiyar jirage ta Flightradar24 ko FlightAware, za ka ga yadda ya tashi ya sauka a kwanakin baya. Wannan ya fi alkawarin tikiti amfani.

Sai dai tunda da dattijuwa za ka tafi, ka lissafa zuwa fili da wuri, da bincike, da jiran kaya. Jirgin ƙasan Haramain yana da tasha a cikin filin Jidda, kuma kusan awa biyu yake yi zuwa Madina. Ni dai da shi zan fara gwadawa.

Abu ɗaya kuma: in wayar Hajiya daga Najeriya ta zo, ka duba agogonta. Saudiyya na gaba da awa biyu, kuma da lokacin Saudiyya ake rubuta tikiti. Ka shiga saitin kwanan wata da lokaci ka kunna na atomatik, in ba haka ba ƙararrawa za ta buga bayan jirgi ya tashi.