Mura ce ko wahalar barin ƙwaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana kwance a wata cibiyar raba mutane da shaye-shaye a Jidda, yau kwana biyar. Da ya soma majina da ciwon jiki sai suka ware shi ɗaki guda, suka yi masa gwajin hanci har sau biyu, suka dakatar da ziyara. Ni a ganina wahalar barin ƙwaya ce kawai. Ko in je in ɗauko shi ya yi jinya a gida? Daga wata uwa a Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya shirya mana zuri'a. Kada ki ɗauko shi.

Mai yiwuwa zatonki daidai ne. Wanda jikinsa ya saba da tiramadol ko hiroyin, in ya bari, majina yake yi da hawaye da yawan hamma, tsikar jiki ta riƙa tashi, gaɓoɓi su ɗauki ciwo, wani har da gudawa. Duk wanda kika lissafa wa waɗannan zai ce miki mura ce mai zafi. Zazzaɓi mai ƙarfi da tari da ciwon maƙogwaro sun fi nuna ƙwayar cuta, amma mutum ɗaya kan haɗa biyun a lokaci guda, kuma ko mu likitoci ido bai isa ya raba mana su ba. Shi ya sa ake gwaji.

Maimaita gwajin ma ba shirme ba ne. Na gaggawa, wanda ke fitowa cikin minti 15, yakan ce babu alhali akwai, musamman a farkon ciwo. Don haka ake sake shi bayan awa 48, ko a tura majinar ɗakin bincike a yi PCR, gwajin da ya fi tabbaci. Mura mai zafi kan ɓuya a jiki kwana 1 zuwa 4, kuma mai ita na iya shafa wa wani tun kwana guda kafin shi kansa ya ji alama. Yaron da ya fito daga Makka, inda masu Umra ke shigowa daga ko'ina da tarinsu, ba a yi masa laifi ba in an tsananta.

Ki dubi yadda ake zama a irin wannan gida: ɗakin kwana ɗaya, na'urar sanyaya ɗaki a kunne, tagogi a rufe, zaman nasiha a da'ira, salla kafaɗa da kafaɗa, ga karan sigari ɗaya yana zagaya baki huɗu. Huhun yawancinsu kuwa hayaƙi ya riga ya gajiyar da shi. Saudiyya ta ga darasi: a Jidda aka fara gano MERS, wata cutar numfashi mai tsanani, a 2012, kuma da ta ɓarke a 2014, a cikin asibitoci ta fi yaɗuwa.

Abin da ya kamata ki bibiya shi ne yadda ake killace shi. Ki tambaye su ko ana ci gaba da ba shi magungunan rage masa wahala, ko mai ba shi shawara na ganinsa, ko za a bar ku ku gaisa ta waya. Killacewar da ta koma kamar horo ita ke sa yaro ya ce sai ya fita. In gwaji ya nuna mura mai zafi, maganin oseltamivir ya fi aiki cikin awa 48 na farko. In korona ce, a tabbatar likita ya duba duk abin da yake sha kafin a ba shi maganinta mai suna Paxlovid, domin ba ya jituwa da wasu magungunan barci da na ƙwaƙwalwa. Tarin da ya wuce mako biyu kuma, a nemi gwajin tarin fuka.

Babban tsorona da dawo da shi gida yanzu shi ne, jikinsa ya soma mance ƙwayar. In ya koma ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa. Ga kuma tsofaffi da ƙananan yara a gida da zai iya shafa wa. Kafin a buɗe ziyara, ku mutanen gida ku je ku yi allurar rigakafin mura, ana kama layi ta Sehhaty, manhajar Ma'aikatar Lafiya, kuma duk mai tari a cikinku ya haƙura da zuwa sai ya warke.