Hutun damina a Katsina: me ɗalibi zai yi?

Ƙanena, ka ce za ka yi dogon hutu a gidan kawunka a Katsina, kuma ba ka son ya ƙare a danna waya. Madalla da wannan niyya.

Fara da Hasumiyar Gobarau, ka je da sanyin safiya. Daga nan ka wuce tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Yanzu gidan tarihi ce. In ka samu kuɗin mota, ka leƙa Daura ka sha ruwan rijiyar Kusugu.

Amma ni a ganina gona ce za ta fi ƙarar da kai. A watan Agusta gero ya yi kai, ga gyaɗa da wake sun rufe ƙasa. Kada ka tsaya kallo a gindin gawo, karɓi fartanya ka yi ko kunya biyu, hannunka zai yi kanta, ba komai. In hutun ya kai lokacin da gero ya fara nuna, a gasa maka tumu, ka murza a tafin hannu, ka hure ƙaiƙayin, ka ci da ɗuminsa. Sai dai kada ka shiga ƙauyen da ba ka sani ba sai da ɗan gari, saboda halin tsaro.

Girki kuwa, ka durƙusa wa matar kawu ta koya maka dambu da zogale da kwaɗon rama, tunda yanzu ganye ya wadata. Ɗanwake ma ka koya, shi zai cece ka a makaranta.