Amsar maigida kan baƙin da za su dutsen Taide

Wai baƙinka za su tsibirin Tenerif na ƙasar Sipaniya, suna son yawon ƙafa mai sauƙi a gandun dutsen Taide, inda za su ga abin kallo ba tare da sun wahala ba, kana tambayata wace hanya. Yaro, da ka fara tambayar su shekarunsu da lafiyarsu, da ka rage mini aiki. Ku yaran yanzu in kun ga hoto ya yi kyau a waya, shi kenan kun gama bincike.

Maganar biza da tikiti da takalmi ba zan ɓata yawu a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da katin waya.

Kai su Rokes de Garsiya, duwatsun nan da ke tsaye daura da otel ɗin da ke tsakiyar gandun. Zagayen kamar kilomita 3 da rabi ne. Rabin farko shimfiɗe yake, ka wuce dutsen Sinchado mai siririn ƙugu, wanda Sipaniyawa suka taɓa sa wa a takardar kuɗinsu ta peseta 1000, Taide kuma yana tsaye gabanka. Rabin na biyu yana gangarawa kwari sannan ya hau da tsanani a ƙarshe. In da tsoho ko mai ciwon gwiwa, a juyo ta inda aka bi, a leƙa filin Ukanka daga wurin tsayawar motoci. In wani ya ce maka wata hanyar, Siyete Kanyadas, ba ta da hawa, gaskiya ne, amma kilomita 16 ce ba inuwa.

Abin da ba ku ganewa shi ne tsayi. Yamai ba ta wuce mita 200 da ɗoriya bisa teku ba. Ƙololuwar Bagzan, da babu abin da ya fi ta tsayi a Nijar, mita 2,022 ce. To ƙasan gandun nan, inda kake ajiye mota, ya fi Bagzan tsayi. Taide kansa mita 3,715. Akwai motar igiya, mai tafiya rataye a igiyar ƙarfe, da ke ɗaukar mutum daga mita 2,356 ta dire shi a 3,555 cikin minti 8, jiki bai shirya ba. Shi ya sa ba su yarda mai ciwon zuciya ko mai juna biyu ya shiga, in iska ta taso kuma su rufe ta. Hawa can ƙoli sai da takardar izini da aka nema tun da wuri.

Motar igiyar nan ita ta ci mini dukiya. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya zo ofis da kansa, ya ce shi da uwargida da ƙaninsa, hutu yake so, kar a wahalar da shi, yana da hawan jini. Na tsara masa Rokes de Garsiya da bakin teku. Ya ba da rabin kuɗi, ya ce saura in mun dawo, ai mu ƴan gida ne. Otel, mota, direba, duk daga aljihuna na cike, har na raka su. Muna isa ya ga Turawa sun yi layi, ya ce shi ma sai ya hau, da me suka fi shi? Na ce Alhaji jininka. Ya ce shi da ya yi ɗawafi a zafin Makka dutse ne zai ba shi tsoro? Ya ɓoye wa masu tikiti ciwonsa, ya hau da shadda mai aiki da silifa. Can sama sanyi ya shige shi kamar hunturun Agadas da asuba, kai ya sara, ya yi ta amai, sai riƙe shi muka yi muka sauko. Likita da magani ni na biya, don katinsa wai ya ƙi aiki.

Da muka dawo sai labari ya juye: ni na kai shi inda zai mutu. Ko dala bai ƙara ba. Na kai manya, na kai limamin unguwarsu, ya dafa ƙirji ya ce shi ne ma ya kamata a biya diyya. Motar da nake kai baƙi Kure kallon raƙuman dawa, ita na sayar na rufe ramin. Hoton da na ɗauke shi a can sama, kafin amai, yana nan rataye a shagonsa cikin babbar kasuwa, yana nuna wa mutane jarumtarsa. In mun haɗu a ɗaurin aure har ya miƙo mini hannu.

Saboda haka ka rubuta musu hanyar a takarda, ka sa cewa motar igiya ba ta cikin tsari, kowa ya sa hannu. Kuɗi su cika kafin ka taɓa tikiti, ko da kawunka ne. Su tafi da safe, su riƙe ruwa da rigar sanyi. Kawo mini takardar in gani kafin ka aika, rubutunka ma ban yarda da shi ba.