Amsa ga Malama kan falaki, Zara da asalin sunayen taurari

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar wannan zaure, barkanmu da dare. Malama, na saurari saƙonki na jiya, inda kika ce ɗalibanki na sakandare sun tsare ki da tambayoyi biyu: ko ilimin falaki shi ne duban taurari irin na masu bugun ƙasa, sannan me ya sa littafinsu ya ce Zara ba tauraruwa ba ce, alhali kowa a gida tauraruwa yake ce mata. Zan bi ta asalin kalmomin, domin a ganina yawancin ruɗanin daga nan ya taso.

Kalmar falaki Larabci ce, kuma ma'anarta zagayayyiyar hanya wadda abu yake bi yana kewayawa. Ta zo a Alƙur'ani a Suratul Anbiya aya ta 33 da Suratu Yasin aya ta 40, inda aka ce rana da wata kowannensu yana iyo a cikin falaki. An ruwaito cewa Ibn Abbas, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kwatanta shi da abin da Larabawa suke kira falka, wato gululun mazari, dunƙulen yumɓun nan da ke jikin mazarin kaɗi, kuma duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗin zare a cikin birnin nan ya san irin juyin da ake nufi. Saboda haka ilimin falaki shi ne sanin tafiyar rana da wata da taurari ta hanyar lura da awo da lissafi, kuma da shi ake sanin lokacin zawali, da inda alƙibla take, da daren da ake sa ran tsayuwar wata. Sunan da Turawa suke kiransa da shi, astronomy, daga Girkanci ya fito, an haɗa astron, wato tauraro, da nomos, wato doka ko tsari.

Shi kuwa duban taurari sunansa tanjimi, daga najamu, tauraro, kuma shi ne da'awar cewa matsayin taurari yana hukunta arzikin mutum ko aurensa ko ajalinsa. Gaskiya ne a zamanin da sau da yawa mutum ɗaya ne yake yin duka biyun a fadar sarakuna, shi ya sa har yau ake cakuɗa su, amma addini ya raba su tun da wuri. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarSa shi ne mai imani, wanda kuwa ya jingina ruwan ga tauraro kaza ya yi imani ne da tauraron. Ina roƙonki ki jaddada wa yaran wannan bambanci, domin yana damuna ƙwarai in ga yaro mai kaifin lissafi ya guji wannan fanni saboda an ce masa bokanci ne.

Manomanmu ma sun daɗe suna aiki da falaki ba tare da sun kira shi da wannan suna ba. Hanyar da rana take bi a shekara an kasa ta buruji 12, kuma asalin kalmar burji shi ne hasumiya. An kuma kasa ta manzili 28, wato masaukan wata, kowanne yana ɗaukar kwana 13 in ban da guda ɗaya mai kwana 14, jimla 365 ke nan. Idan dattijo a ƙauye ya ce Nasara ta shiga, ko Ɗarfa, ko Jabha, kalandar damina yake karanta miki, yana gaya miki inda shekara ta kai, kuma wannan ƙidayar lokaci ce kawai.

Yanzu ga batun Zara. Sunan daga Zuhura ne na Larabci, tushensa haske da ƙyalli, mu kuma muka yi mata kirari da matar wata saboda yadda take yawan bayyana kusa da jinjirin wata bayan magariba. Littafin yaran ya faɗi daidai, kuma iyayensu ma ba su yi kuskuren Hausa ba. Abin da ya faru shi ne, a Hausa duk abin da ya ɗigo da haske a sama da dare tauraro muke ce masa, su kuwa masana sun taƙaita kalmar ga abin da yake samar da haskensa da kansa, irin rana, domin rana ma tauraruwa ce, kusancinta da mu ne ya sa ta fi sauran girma a idonmu, tazarar kilomita miliyan 150 ce kawai, haskenta yana iso mana cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. Zara ba ta da hasken kanta, na rana ne yake dukanta ya dawo mana. Tana kewaya rana cikin kwana 225, kuma da yake falakinta yana tsakaninmu da rana, ba ta yin nisa da ita a ganinmu, shi ya sa ba a taɓa ganinta a tsakiyar sama da tsakar dare. Wani lokaci tana biyo bayan faɗuwar rana, wani lokaci tana riga ta fitowa da asuba, a nan ne muke ce mata Gamzaki. Mutane da yawa suna mamaki idan aka ce musu Zara da Gamzaki abu ɗaya ne.

Girkawa sun lura cewa taurari suna tafiya tare ba sa sauya wuri a tsakaninsu, in ban da guda biyar da suke yawo, sai suka kira su planetes, masu yawo, kuma daga nan Turanci ya samo kalmarsa ta planet. Su ne Uɗaridu da Zuhura da Mirrihu da Mushtari da Zuhalu. A Hausar makaranta da ta rediyo duniyoyi ake ce musu, kuma ni na gamsu da wannan suna, domin yana sa yaro ya gane cewa 'yan uwan ƙasar da yake takawa ne. A shekarar 2006 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta zauna a birnin Prague ta sanya sharuɗɗa uku: abu ya kasance yana kewaya rana, nauyinsa ya isa ya dunƙule shi, sannan ya share hanyarsa daga sauran tarkace. Pluto, wadda a da ake ƙirga ta a matsayin duniya ta tara, ta gaza a sharaɗi na uku, shi ya sa tsofaffin littattafai suke cewa tara, sababbi suke cewa takwas.

Sauran kalmomin ba sa buƙatar dogon bayani. Tauraruwa mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura, mu da Larabawa wutsiya muka gani, Girkawa kuwa gashi suka gani suka ce kometes, mai dogon gashi. Husufi daga Larabci ne, a can ana ware khusuf ga wata da kusuf ga rana, mu kuma muna da namu, zazzaɓin wata. Kimiyya ma ta sauya ma'ana a bakinmu, domin a Larabci ilimin haɗa sinadarai kaɗai take nufi, mu muka faɗaɗa ta ta rufe fannin gaba ɗaya.

Abin da nake so yaran su gani da idonsu shi ne Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa suke kira Surayya. A watan Janairu, bayan sallar isha, tana kusan saitin kai a nan Kano, idan hazo bai yi kauri ba. Su duba gabas da ita kaɗan za su ga wani tauraro mai ja-ja yana biye da ita. Larabawa sun kira shi Addabaran, wato mabiyi, shi ne Dabaran na lissafin manomanmu, kuma da aka fassara littattafan falaki na Larabci zuwa Latin a Turai sai sunan ya tafi da su, har yau Aldebaran yake a taswirar masana. Haka sunan tauraron Rigel daga rijlu ne, ƙafa, na tauraron Deneb kuma daga zanabu, wutsiya. A ido Dabaran da Kaza kamar maƙwabta suke, amma hasken Dabaran yana yin kimanin shekara 65 kafin ya iso mana, na Kaza kuwa ya haura shekara 400. Idan sun duba sun dawo da wata tambayar, Malama, ki turo ta nan zauren. Wassalamu alaikum.