Ku Tambaya Mu Amsa: Waƙoƙin Jamusanci na Murya da Fiyano

Tambaya: Malam, na saurari wata waƙar Jamusanci wadda mutum ɗaya yake rerawa, ba kiɗan komai sai fiyano. An rubuta cewa ta Schubert ce, amma kuma an ce baitocin na Goethe ne. Shin waƙar ta wane ne a cikinsu, kuma me ya sa ake kiranta ta Jamus alhali Schubert ɗan Ostiriya ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, waƙar tasu ce su biyun, sai dai kowa da aikinsa: Goethe marubucin Jamus ne, Schubert kuwa mai tsara kiɗa. Irin wannan waƙa ita ce Jamusawa suke kira Lied, kuma ƙa'idarta ita ce marubuci ya riga ya wallafa baitocinsa don karatu, daga baya mai tsara kiɗa ya ɗauke su ya sanya musu karin murya da kiɗan fiyano. A wurinmu makaɗi kan haɗa kalmomi da kiɗa da rerawa shi kaɗai, shi ya sa rabon aikin yake ɗaure kai. Batun ƙasa kuwa mai sauƙi ne, domin harshen baitocin ake dubawa, kuma Jamusanci ake yi a Vienna, babban birnin Ostiriya, inda aka haifi Franz Schubert a 1797.

Schubert ya rasu a 1828 yana da shekara 31, bayan ya tsara waƙoƙi sama da 600. Abin da ya ɗaukaka shi, a ganina, bai tsaya ga yawansu ba: shi ne ya mayar da fiyano abokin ba da labari. A waƙarsa Gretchen am Spinnrade ta 1814, mai ba da labarin wata budurwa Gretchen da take kaɗin zare, wadda ya yi yana ɗan shekara 17, hannun mai fiyano yana ta juyawa kamar keken kaɗin zaren da budurwar take murzawa, kuma kiɗan yakan tsaya cak a daidai inda ta tuna sumbar masoyinta. A Erlkönig ta 1815 kuwa, fiyano ne yake kwaikwayon sukuwar doki, yayin da mawaƙi ɗaya yake sauya murya tsakanin mai ba da labari, da uba, da ɗansa, da sarkin aljanun da yake kiran yaron, har uban ya iso gida da gawa a hannunsa. Baitocin duka biyun na Goethe ne, kuma da aka aika masa da waƙoƙin a 1816, an mayar da su ba tare da ko kalma ɗaya daga gare shi ba.

Bayan Schubert sai Robert Schumann, wanda ya tsara fiye da waƙoƙi 130 a shekarar 1840 kaɗai, shekarar da ya auri Clara Wieck, kuma cikinsu har da jerin Dichterliebe a kan baitocin Heinrich Heine, inda fiyano yakan ci gaba da magana bayan murya ta yi shiru. Johannes Brahms ya fi kula da daɗin karin, shi kuwa Hugo Wolf yana bin lafazin baiti kalma bayan kalma.

Idan kina son ƙari, nemi Winterreise ta 1827, waƙoƙi 24 a kan baitocin Wilhelm Müller, a muryar Dietrich Fischer-Dieskau, kuma ki ajiye fassarar baitocin a gabanki yayin sauraro, domin ba tare da ita ba ba za ki gane abin da fiyanon yake mayar wa martani ba.