Me ake ƙarawa a bayan umarnin rails new?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, na fara koyon Ruby on Rails, wato kayan aikin gina manhajojin yanar gizo, amma duk lokacin da na rubuta rails new don fara sabon aiki sai kwamfuta ta cika mini folda da fayilolin da ban san amfaninsu ba, ga kuma data da take zurarewa. An ce mini akwai zaɓuɓɓukan da ake ƙarawa. Waɗanne ne ya kamata in sani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun da David Heinemeier Hansson ya fitar da Rails a 2004, ɗabi'arta ita ce ta yanke wa mutum shawara idan bai faɗi abin da yake so ba, shi ya sa kake ganin wannan tarin kaya. Idan ka rubuta rails new --help za ka ga zaɓuɓɓukan gaba ɗaya, sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka cancanci dogon tunani.

Wanda ya fi buƙatar natsuwa shi ne --api, wanda ya shigo da Rails 5 a 2016. Shi ake sawa idan manhajar ba za ta nuna wa mutane shafuka ba, aikinta kawai ta miƙa bayanai ga wata manhajar, misali ta wayar salula. Da zarar ka sa shi, Rails ba za ta sa abin da ke riƙe shaidar wanda ya shiga shafi ba, janaretocinta kuma, wato umarnan da ke ƙirƙiro fayiloli da kansu, ba za su ƙirƙiro maka shafuka ba, saboda haka wanda ya zaɓe shi bisa kuskure sai ya bi yana mayar da waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Tun da koyo kake yi, ka ƙyale shi tukuna.

Rumbun bayanai kuwa, wato inda manhajar ke adana bayananta, idan ba ka ce komai ba wanda ake kira SQLite za a ba ka, kuma ya ishe ka. Idan wani rumbun mai suna PostgreSQL kake so, sai ka rubuta rails new kasuwa -d postgresql, inda kasuwa shi ne sunan aikin. Masu koyo suna ɓata lokaci sosai a nan ba tare da dalili ba, alhali tun daga Rails 6 akwai umarnin rails db:system:change --to=postgresql da ke sauya saitin daga baya, ko da yake bayanan da ka riga ka adana ba sa binsa.

Game da data, mai cinta shi ne sauke ƙananan manhajojin da ake kira gem, wanda yake farawa da kansa bayan an gina foldar. Ka ƙara --skip-bundle, sannan ka rubuta bundle install ranar da ka samu intanet mai ƙarfi. Haka nan --minimal, da ya zo da Rails 6.1, yana tsallake sashen aika imel da na adana hotuna da wasu da dama, --pretend kuma yana nuna maka sunayen fayilolin da za a ƙirƙira ba tare da an rubuta ko ɗaya ba.

Idan ka ga kullum zaɓi iri ɗaya kake maimaitawa, ka rubuta su a fayil mai suna .railsrc a babbar foldarka ta gida, Rails za ta riƙa karanta shi a kowane sabon aiki, ranar da ba ka so kuma sai ka ƙara --no-rc.